Zuwa ga uban jaririn da ya tambaya: Kabiru ko Aminu?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Ka tambaye ni a gaban jama'a cewa ka yi niyyar raɗa wa jaririnka Kabiru, sai aka ce maka sunaye masu k da t da ƙ suna sa yaro taurin kai da zafin rai, masu m da n da l kuwa suna kawo sanyin hali, don haka gara Aminu. Kada ka fasa Kabiru saboda wannan magana.

Maganar tana da tushe, an dai ɗora mata kayan da ba nata ba ne. A 1929 wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Wolfgang Köhler, ya nuna wa mutane zane biyu, ɗaya mai tsini ɗaya mai zagaye, da ƙagaggun sunaye biyu. Yawanci suka ba mai tsinin sunan "takete". A 2001 wasu masana biyu, Ramachandran da Hubbard, suka maimaita a Amurka da "kiki" da "bouba", kusan 95 cikin 100 suka ba mai tsinin "kiki". Ana ganin dalilin yana cikin baki: wajen furta "bu" leɓɓa suna zagayewa, wajen "ki" harshe yana tare iska a ganɗa ya sake ta lokaci guda. Kunnen Bahaushe ya san wannan, shi ya sa ganye ke bushewa ƙayau, nama kuma ya dahu luguf.

To amma wannan ji ne na mai sauraro. A 2019 David Sidhu da Penny Pexman da abokan aikinsu a Jami'ar Calgary ta Kanada sun gwada abin a kan sunayen mutane. Da aka ba masu amsa sunaye kawai, sun ɗauki masu m da n da l a matsayin masu sauƙin kai da tausayi, masu p da t da k kuma masu surutu da son shiga jama'a. Sai aka auna halin mutane sama da 1,000 na gaske aka kwatanta da sunayensu. Ba a sami wata alaƙa ba. Masu yaɗa maganar suna kawo rabin farko na binciken su bar na biyu, kuma wannan ne ke damuna, domin uba yana iya hana ɗa sunan kakansa a kan rabin labari.

Ka duba gidajenmu ma. Abubakar guda ana kiransa Garba, Habu, Buba ko Bukar. A'isha ta zama Indo ko Shatu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari saboda alkunya, sai ta laƙaba masa wani. Wanne daga ciki zai gina halin?

Inda suna ke tasiri shi ne ta ma'anarsa da abin da mutane ke tsammani. A 1954 Gustav Jahoda ya bincika takardun kotun yara a ƙasar Ashanti ta Gana, inda ake ganin Kwadwo, ɗan Litinin, mai natsuwa ne, Kwaku, ɗan Laraba, kuma mafaɗaci. Ya tarar Kwaku sun fi yawa a laifuffukan faɗa, Kwadwo sun yi ƙaranci. Yaron da ake ce masa mafaɗaci tun yana rarrafe yakan gaskata. A Bukhari kuma, Annabi (SAW) ya ce wa wani mutum mai suna Hazn ya koma Sahl, ma'ana daga tsanani zuwa sauƙi. Ma'ana aka duba a nan.

Kafin ranar suna, tambayi malamin da ya san Larabci ma'anar sunan, kada ka dogara da jerin da ake turawa a WhatsApp, domin akwai kurakurai a ciki. Ka yi tunanin laƙabin da zai fito daga sunan da tsokanar da yara za su iya yi masa a makaranta. Sannan ka tsayar da rubutu ɗaya, Kabiru ko Kabir, tun daga takardar haihuwa, domin saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardar makaranta da katin ɗan ƙasa yana iya kai mutum rantsuwa a kotu.

Wassalam.