Wasiƙa daga Mancesta a kan Baƙin Garin Kabon

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna, ina neman afuwa a kan shirun wata huɗu, wanda dalilinsa shi ne labarin da zan ba ka yanzu.

Ranar Alhamis da ta wuce kwaɓin da nake haɗawa ya damu sumul, babu gudaji ko ɗaya. Na san za ka ce mutum ya ƙetare teku don ya koyi damun kunu, kai da ka tsere daga ɗakin gwaji ranar da acid ya huda maka wando, amma ka yi haƙuri ka ji.

Baƙin garin da nake aiki da shi bututun kabon ne, irin wanda Sumio Iijima ya bayyana a Jafan a 1991. Ka ƙaddara shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, mai saƙa irin ta gidan zuma, aka naɗe ta kamar tabarma. Mai bango ɗaya faɗinsa nanomita ɗaya ne zuwa biyu, wato silin gashin kanka ya fi shi kauri sau dubu hamsin ko fiye, amma ya fi ƙarfe juriyar ja nesa ba kusa ba, ga rashin nauyi, ga shi wutar lantarki da zafi suna ratsa shi cikin sauƙi.

Amfaninsa a wurinmu cikin batirin litiyam ne. Sinadarin da ke riƙe caji ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa sosai, saboda haka aka saba cakuɗa masa baƙin kabon, ɗan uwan kunkunniya, wanda shi ne kuma ke baƙanta tayar mota ya ƙara mata ƙarko. Bututun kuwa, saboda tsawonsa, yakan zama gada tsakanin ƙwayoyi masu nisa da juna, sai ɗan kaɗan ya wadatar, a sami ƙarin wurin zuba abin da ke riƙe cajin. Shi ya sa kamfani irin LG Chem yake ƙera shi tan-tan a Yeosu ta Koriya ta Kudu.

Abin da littafi ba ya faɗa da ƙarfi shi ne bututun nan suna manne wa juna, su cukuikuye kamar zaren da kaji suka tattaka. Idan na girgiza su da na'urar sauti ban kai ba, sai gudaji su rage, wutar ta bi wani gefe ta bar wani. Idan kuma na zarce, sai su kakkarye, tsawon da ake nema ya tafi. Wata huɗu ina tsakanin waɗannan biyun, har na fara shakkar kaina, sai da na sauya lokacin da nake zuba sinadarin da ke raba su, na riƙa sanyaya kwanon yayin girgizawa. Da na duba a madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa na ga sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, sai da na yi sujadar godiya.

A nan Mancesta ne Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin, wato waccan shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, daga girafait, baƙin da ke cikin fensir, da salatif a 2004, suka karɓi kyautar Nobel a 2010. A ganina jaridu sun cika alkawari a lokacin, domin mafi yawan amfanin da na gani da idona ƙari ne da ake barbaɗawa cikin batir, roba, fenti da kankare, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da ke damuna. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sanya wani nau'in bututun mai bango da yawa cikin abubuwan da ka iya jawo cutar, saboda dogayen zaruruwansa suna maƙalewa a huhu kamar na asbestos. Makon jiya wani sabon ɗalibi ya buɗe kwalbar garin a fili babu takunkumi, na yi masa faɗan da har yanzu ban yi nadamarsa ba.

Ga abin da nake so ka gwada da ɗalibanka. Su zana layi mai kauri da fensir mai laushi a takarda, su haɗa shi da batir mai bolt 9 da ƙaramin ƙwan LED, za su ga ya kama, kuma haskensa yana raguwa idan layin ya ƙara tsawo. Ka rubuto mini abin da suka ce. Ka gaishe da Malam, ka gaya masa ina nan da sallah babba in Allah ya yarda.

Wassalam,
Naka amini.