Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar AFL, mai kula da ƙwallon ƙafa salon Ostareliya, kan tarihin Tom Wills

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan Tom Wills, mutumin da mutum-mutuminsa ke tsaye a wajen filin MCG, babban filin kurket na Melbourne, yana alƙalancin wasan 1858 tsakanin makarantun Melbourne Grammar da Scotch College.

Ba wanda zai musa rawar da ya taka. An haife shi a 1835, ya yi karatu a makarantar Rugby da ke Ingila, ya dawo Ostareliya a 1856 gwanin kurket. A watan Yulin 1858 ya rubuta wa jaridar Bell's Life in Victoria yana kira da a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, don kada 'yan kurket su zauna hannu rabbana lokacin sanyi. A watan Mayun 1859, shi da William Hammersley da J. B. Thompson da Thomas Smith suka tsara dokoki 10 na farko na ƙwallon ƙafa salon Ostareliya. Ya buga wa Melbourne, ya kuma jagoranci Geelong. Wannan duk kuna faɗa, kuma da gaskiyarku.

Abin da kuke ratsewa shi ne ya dame ni. Wills ya tashi ne cikin al'ummar Djab Wurrung, 'yan asalin ƙasa a yammacin jihar Victoria, har yana jin yarensu. A 1861 aka kashe mahaifinsa Horatio a Cullin-la-ringo da ke Queensland, cikin mutum 19 da 'yan asalin yankin, wato Gayiri, suka hallaka. Ramuwar da Turawa suka yi ta ci rayukan 'yan asalin ƙasa da yawa fiye da haka, kuma a 2021 aka fito da wani tsohon rahoton jarida da ke zargin shi ma Wills da hannu a ciki. Masana na jayayya a kai har yanzu. Abin mamaki, shi ne dai ya horar da ƙungiyar kurket ta 'yan asalin ƙasa da ta buga a MCG a ƙarshen 1866.

Ƙarshensa kuma ba daɗin ji. Giya ta cinye shi, ya kashe kansa a Heidelberg da ke kusa da Melbourne a 1880 yana da shekara 44, aka binne shi ba ko alama a kabarin sai bayan shekara 100.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku haɗa kai da masu kula da filin a kafa allo kusa da mutum-mutumin da zai faɗi Cullin-la-ringo da zargin da ke kansa, a kuma zauna da dattawan Djab Wurrung da na Gayiri kafin a rubuta ko kalma ɗaya. Kowace shekara kuna ware zagaye na musamman da sunan Sir Doug Nicholls, tsohon ɗan wasa ɗan asalin ƙasa, don karrama 'yan wasa 'yan asalin ƙasa. To, a lokacin wannan zagayen ne ya dace a buɗe allon.

Na gode,
Wani mai bibiyar wasan