Masu jan koto a bayan kayak, ku san ruwanku kafin ku sayi kaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu na Daura da Katsina waɗanda suka fara sha'awar kamun kifi daga cikin ɗan jirgin nan na roba mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda ake kira kayak. Ni tsohon malamin makaranta ne. Aiki ya taɓa kai ni Yawuri, kuma a can na koyi jan koto a bayan kwale-kwale a hannun Sarkawa, mutanen da kamun kifi ne gadonsu. Da na dawo gida ban bar abin ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaran nan ke kallon Turawa a YouTube, su tara kuɗin da suka sha wahalar samu, su yi odar irin kayan da suka gani, su nufi madatsar Sabke ko Daberam, su wuni suna tuƙi, su dawo hannu rabbana. Daga nan sai su ce ruwan ne ba kifi. Akwai kifi. Kayan ne aka yi su don wani ruwa da wani kifi dabam.

A fara da kifin kansa. Jan koto dabara ce ta kama kifin da ke farautar ɗan'uwansa: kana tuƙi a hankali, koto, wato kifin roba ko ɗan ƙarfe mai siffar cokali, na biye da kai yana rawa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo, babba ya gani ya kai masa cafka. To, wanda ya fi yawa a madatsunmu karfasa ce, ita kuwa gansakuka da ƙananan abubuwan ruwa take ci. Ko za ka kwana kana jan kifin roba mai tsawon tafin hannu a gabanta ba za ta kula ba, sai dai wani lokaci babba ta taɓa ɗan mitsitsin cokali. Tarwaɗa tana kai hari, amma ta fi bin ƙamshi, saboda haka wanda ke nemanta gara ya ja yankan kifi ko tana a hankali kusa da ƙasa. Ragon ruwa mafarauci ne, shi ma a ƙasa yake zama. Manyan kifayen roba da ake gani a hotuna, na giwan ruwa da tsage ne a manyan ruwaye irin tafkin Kainji. Wanda zai je can ya saye su, ya kuma haɗa da guntuwar waya a gaban koton, domin haƙoran tsage suna datse zare nan take. Wanda zai tsaya a gida, koto mai tsawon ɗan yatsa, santimita 7 zuwa 9, ya ishe shi.

Sai ruwan. Madatsunmu ba tafkunan Turai ba ne da ake hango ƙasansu. Da damina ruwan jawur yake da laka, kifi ba ya gani nesa, da motsi yake gane abinci. A lokacin nan koto mai ƙarar tsakuwa a cikinsa, mai girgiza sosai, mai launin ruwan zinariya ko ruwan lemo ko baƙi, shi ne ke aiki. In hunturu ya shigo laka ta kwanta, sai a koma mai ruwan azurfa, mai kama da kawara. Sannan zurfin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inda zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu a watan Satumba, kafin Afrilu yana iya komawa iya ƙirji. Har madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 kuma ta fi namu na nan girma nesa ba kusa ba, haka take ja da baya da rani. Ba sai ka sayi na'urar auna zurfi ba. Ɗaura dutse a igiya, ka yi ƙulli a kowace mita, ka auna hanyar da za ka bi kafin ka saki koto.

Awon nan shi zai gaya maka irin leɓen da za ka nema. Yawancin kifin roba da ake ja yana da ɗan leɓe a gaba, shi ne ke tura shi ƙasa in an ja. Gajeren leɓe yana tafiya a mita ɗaya zuwa biyu, dogo yana nutsawa mita huɗu ko fiye. Yawancin matasa dogon suke saye don ya fi kyan gani, sai ya yi ta noman laka, ko ya maƙale a kututturen itatuwan da ruwa ya shanye tun ranar da aka tare shi. Ni a ganina, mai kayak ya nemi irin wanda ke tasowa sama in an daina ja. Kai kaɗai ne a jirgin, kai ne matuƙi kai ne masunci. Duk lokacin da ka ajiye filafili don ka sha ruwa ko ka gyara zama, koto mai nutsewa zai faɗa ƙasa ya kama wani abu, mai tasowa kuwa zai jira ka.

Maganar zare ce na fi so a saurara da kyau, domin a nan rai yake. Mutane na ganin zaren da ya fi ƙarfi shi ya fi. A bakin gaɓa wataƙila haka ne. A cikin kayak kuwa, in ƙugiya ta maƙale a kututture kuma iska na tura ka, zaren da ba ya tsinkewa zai karkata jirgin har ya kifar da kai. Nailan mai ɗaukar kilo 6 zuwa 8 ya isa kifin madatsunmu, yana ɗan miƙewa idan kifi ya fizga, kuma in ta ɓaci kana iya tsinke shi. Zaren nan saƙaƙƙe da ake yayi siriri ne, yana kai koto ƙasa sosai, amma ba ya miƙewa, kuma idan ka naɗe shi a hannu zai yanka ka har nama. Kada a taɓa naɗa zare a yatsa, kowane iri ne. A sassauta birkin injin naɗiya yadda zare zai fita da kansa idan an ja da ƙarfi, a kuma rataya ƙaramar wuƙa a ƙirji inda hannu zai kai.

Sanda kada ta wuce mita biyu da kaɗan, yadda za ka iya zagayo da kan sandar ta gaban jirgin idan kifi ya ratsa ta ƙarƙashinka. Guda ɗaya tak, har sai hannu ya faɗa. A saki zare kamar mita 20 zuwa 30 a baya, a yi tuƙi daidai tafiyar dattijo mai zuwa masallaci, ana kallon kan sandar: in yana ɗan karkarwa koto na rawa, in ya tsaya cik ciyawa ta kama shi. Mai jan cokali ya sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa tsakanin zare da koto, in ba haka ba zaren zai murɗe ya cukurkuɗe. Ƙugiyoyin nan masu baki uku da ke zuwa a jikin koto, ni cire su nake in sa mai baki ɗaya. Tarwaɗa mai ƙaya tana bugun ƙasa a tsakanin ƙafafunka, ga baki shida na ƙugiya suna lilo, kuma ba inda za ka matsa. Wannan ba abin so ba ne.

Ba dole sai na kanti ba ma. Kamfanin Rapala da ake ji da shi a duniya, wani talakan masunci ne a ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya faro shi a 1936 da kifin da ya sassaƙa daga toton kwalaba ya naɗe da takardar azurfa, yana jan sa a bayan jirginsa na tuƙi. Maƙeranmu na iya yanke cokalin shayi, su huda shi gaba da baya, ya zama koto mai kyau a kan kuɗi kaɗan, wanda in ya maƙale ba za ka yi kasadar ranka wajen ciro shi ba.

Ina kuma roƙon matasan nan su tuna ruwan yana da masu shi. Masunta na shimfiɗa kalli da mamari a wuraren da baƙo ba zai gani ba, kuma koton da ake ja yana yaga raga cikin ƙiftawar ido. Gare ka nishaɗi ne, gare su abincin iyali ne. Ku je wurin Sarkin Ruwa ku gaishe shi, ku tambayi inda aka yi shimfiɗa da inda za ku iya bi. A bakin mutanen nan za ku ji inda ragon ruwa ke kwanciya. Rigar ceto kuwa a jiki ake sa ta, ba a ajiye ta a bayan jirgi, kuma in iskar hunturu ta taso da hantsi a fito.

Ya Edita, don Allah ka isar da kira ga 'yan kasuwarmu masu sayar da kayan kamun kifi a Katsina da Daura. Su riƙa kawo ƙananan koto masu gajeren leɓe, da ƙugiya mai baki ɗaya, da ƙarfen juyi, da rigunan ceto na manya da na yara, domin su ne muke nema mu rasa sai an aika Kano.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta ku a kullum, daga Daura, Jihar Katsina