Rahoton Ayyukan Shekara: Ruwa, Faƙo da Itatuwan Gona a Ƙasar Daura

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi. Ga abin da kwamiti ya gudanar daga rani zuwa kaka.

Mun fara da awon ruwan sama. Ana karanta ma'auni kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, a zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Shawarar da muka bai wa mambobi ita ce a jinkirta shuka sai an samu kamar milimita 20 cikin kwana biyu ko uku. Waɗanda suka bi yayyafin farko iri ya tsiro ya ƙone, suka sake shuka. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, yana taimakawa, amma bai maye gurbin ma'aunin da ke bakin gona ba.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne farfaɗo da faƙo da ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki. Ana haƙa su tun da rani: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 15, tazara kamar 80. Ƙasar da aka kwaso a tara ta ta ɓangaren gangare, don ta tare ruwa. A zuba takin gida cikin tafi biyu, ruɓaɓɓe. Gara za ta bi shi ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Kuskure biyu muka gani. Ɗanyen taki ya ƙona tsiron gero. Wasu kuma sun haƙa a jigawa, iska ta cike ramukan da rairayi kafin ruwan farko, wahalar ta tafi a banza. Ramukan zai na ƙasa mai tauri ne.

Dashen bedi bai yi mana daɗi ba. Yawancin wanda ba a killace ba awaki sun cinye shi bayan girbi. Sassaben zamani ya fi amfani nesa ba kusa ba: a kututturen kalgo, sabara ko gawo, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi, a datse sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta buƙatar ban ruwa. Gawon da ya girma kuwa, don Allah a bar shi, ganyensa da damina yake zuba, ba ya hana gero rana.

Baɗi za mu tattauna da masu unguwanni da makiyaya kan sassarar gawo da rani, sannan mu kai awon ruwa ga masu noman rani na kusa da madatsar Sabke. Mai son karɓar ma'auni ya ba sakatare sunansa a taron wata mai zuwa.