Zuwa ga Sadiƙu: a nemi jini tun kafin ranar naƙuda

Assalamu alaikum.

Sadiƙu, ina fatan kuna lafiya, kai da Hauwa'u. Ya ƙarfin jikin nata? Babanku yana gaishe ku.

Ka san ba al'adarmu ba ce uwa ta sa baki a zancen juna biyun matar ɗanta, to amma yau zan ajiye kunya, domin aikin ungozoma da na yi ba zai bar ni in yi shiru ba. Da na tambaye ka rukunin jinin Hauwa'u a waya, ka ce mini AA. Wannan ai sakamakon gwajin sikila ne da kuka yi kafin ɗaurin aure, irin wanda gwamnatin Kano ta mayar doka a 2024. Rukunin jini daban yake. Huɗu ne, A da B da AB da O, kuma kowanne ko dai fozitif ne ko negetif. Ka ɗauko katin awonta ka duba. In ba a rubuta ba, ku koma a gwada, ba wani kuɗi ne mai yawa ba.

Wannan fozitif da negetif ɗin shi ya fi damuna. Idan ita negetif ce kai kuma fozitif, jaririn zai iya ɗauko naka. Wajen haihuwa jininsa kan ɗan shiga nata, sai jikinta ya ɗauke shi a matsayin baƙo, ya tanadi abin yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira lafiya. Na bayansa ne ke shan wuya: a haife shi da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, ko ma ya mutu tun a ciki. Na ga matan da aka yi wa laƙabi da masu wabi, an zaga da su wajen masu magani, an zargi kishiya da iskoki, alhali allura guda ce ba a yi musu ba. Sunanta Anti-D, ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa, haka ma bayan ɓari. Tana da tsada, kuma ba kowane kantin magani ke da ita ba. In ta tabbata Hauwa'u negetif ce, ka fara cire kuɗin allurar kafin na ragon suna.

Sai zubar jini bayan haihuwa, wadda ke kan gaba wajen kashe mata masu jego. Ba ta sallama. Mace ta sauka lafiya, an goge jariri, ana ta barka, sai ka ɗaga zani ka tarar ya jiƙe sharkaf, tafin hannunta ya yi fari fat, tana cewa ƙishirwa take ji. A lokacin ne za a miƙa wa miji takarda a ce a kawo jini leda biyu. Sai ka gan shi a baranda da tsakar dare yana ta kiran waya, wannan ya yi tafiya, wancan wayarsa a kashe. Daga nan masu sayar da jini da ke raɓe a bakin ƙofar asibiti su tare shi da farashin da suka ga dama, mutanen da wasunsu ko wata ba su rufa ba da ba da na baya. Ko an samu mai bayarwa ma, sai an tace jinin, an duba ƙanjamau da ciwon hanta na B da C da tunjere, sannan a gwada ko ya dace da nata. Duk wannan lokaci yake ci, ita kuwa tana kwance. Masu negetif kuma a cikinmu wajen biyar ne cikin ɗari, don haka samun irin jininsu ya fi wuya.

Saboda haka idan watanta ya kama, ka je ma'ajiyar jinin asibitin da take awo ka ba da naka. Jinin da aka ajiye a firji yakan kai kwana 35. Ka tafi da Kabiru da biyu ko uku daga 'yan majalisarku, duk wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma lafiyarsa ƙalau. Kada ka matsa lallai naka za a saka mata. Likitoci ba sa son ƙara wa mace mai haihuwa jinin mijinta, don yana iya jawo matsala a cikin da za ta ɗauka nan gaba. Naka zai shiga ma'ajiya, ita a ba ta wanda ya dace da ita.

Na san ka da tsoron allura tun kana ƙarami. Leda ɗaya mililita 450 ce daga cikin wajen lita biyar da ke jikin babban mutum, kuma ɗibar ba ta cika wuce minti goma ba. Ka ci abinci kafin ka je, ka sha ruwa sosai, in an gama ka ɗan zauna kafin ka hau babur. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Zancen wai yana rage wa namiji ƙarfi, zancen teburin mai shayi ne. Lemon malt da madarar gwangwanin da ake ɗirka wa mutum ma ba su ne ke mayar da jini ba. Ka ci hanta da wake da zogale da alayyafo.

In Allah ya sauke ta lafiya ba a taɓa ledarka ba, kada ka ce an ci maka jini. Wani yaro mai sikila ne zai samu, ko wanda mota ta buge. Namiji mai lafiya zai iya komawa bayan wata uku, kuma ina so ka riƙa komawa ko ba naka ne a kwance ba.

Ka ɗauki hoton katin awon ka turo mini ta WhatsApp kafin Juma'a, da sakamakon naka gwajin. Ka gaida Hauwa'u, ka ce mata kada ta yi wasa da ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta wajen awo. Allah ya raba lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka.