Babana, Ka Yi Damina Ɗaya a Garin Kafin Ka Sayi Fili

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Mu nan sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ƙafar tata ma da sauƙi.

Saƙon muryar da ka turo sau uku na saurare shi. Ban kira ka ba, don wannan ba maganar tsaye ba ce, in na faɗe ta da baki rabi zai bi iska. Shi ya sa bayan sallar Isha'i na sa ƙanwarka ta kawo mini takarda da biro.

Ka ce zaman Abuja ya ishe ka. Mai gida ya sake ƙara haya, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yake cinye abin da ya kamata ya shiga tukunya, ga shi kana fita yara na barci, ka dawo suna barci. Kana so ka dawo jiharmu, wani ƙaramin gari mai sauƙin rayuwa, ka gina ɗaki biyu, ka riƙe gona, ka buɗe shagon gyaran waya da haɗa sola. Wallahi na ji daɗi, kuma na sa maka albarka. Abin da ya hana ni barci shi ne maganarka ta ƙarshe: wai wani ya nuna maka hoton fili a waya, kuɗinsa bai kai hayar da kake biya a shekara ba, ya ce ka yi sauri kafin wani ya riga ka.

Kada ka tura masa ko kwabo tukuna.

Kana goye lokacin da na yi irin wannan sayen. Ina aikin malamin gona, aka kai ni wani ƙauye aka nuna mini fili a watan Fabrairu. Ƙasa shimfiɗe, ga inuwar mangwaro, kuɗin kuma kamar kyauta. Na biya nan take da adashin da muka ɗauka ni da mahaifiyarka. Sai a watan Agusta na koma da magini. Ɗan acaba ya sauke mu inda burji ya ƙare, muka tuɓe takalma, muka naɗe ƙafar wando. Da muka isa, ruwa ya kai mini ƙwauri, kwaɗi sai kuka suke, turakun da muka kafa a kusurwa huɗu ko ɗaya ban gani ba. Wani dattijo da fartanya a kafaɗa ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Ɗan nan, ai nan kwari ne, duk garin nan an sani." Duk garin an sani, ni ne ban tambayi kowa ba. Bayan shekara biyu kuma wasu mata biyu suka fito, ashe gonar gado ce, ɗan'uwansu ya sayar ba a fitar musu da rabonsu ba. Gaskiyarsu ce, a gaban dagaci na sakar musu. Har yau in na tuna yadda mahaifiyarka ta yi shiru ranar da na dawo na faɗa mata, zuciyata takan sosu.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk filin da ya yi araha fiye da na kusa da shi akwai dalili, haka ma garin da gidajensa suka faɗi warwas. Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne, nisa ne kawai daga birni. Wani lokaci kuwa ruwa ne, ko rigima, ko tsoro ne ya kori masu wurin. Ba za ka gane wanne ne ba ta hoto, ko ta ziyarar yini guda da rani. Don haka shawarata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: ka zaɓi gari, ka kama hayar ɗaki ciki da falo, ka ari gona ko ka karɓi haya, ka zauna tun daga sharar gona har a kai amfani gida. Kuɗinka su zauna a banki. Gani ya kori ji.

A wannan zaman za ka ga yadda hanya take a tsakiyar damina, ko akwai rafin da kan cika ya raba garin da kwalta har kwana biyu. Ka tsaya kuma har Maris da Afrilu, ka leƙa rijiyoyi. In ka ga guga yana fitowa da laka, mata da yara suna layi a burtsatse tun asuba, to ka sa kuɗin ruwa cikin lissafin zama a garin.

Maganar tsaro ita ce ta fi nauyi, kuma ka san halin da muka shiga. Ka tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, da ɗaliban Kuriga da aka kwashe daga makaranta a Maris na 2024. Sassan Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Kajuru da Igabi sun sha wuya ba kaɗan ba. An samu sauƙi a wurare da dama, har kasuwar shanun Birnin Gwari ta sake ci, Allah Ya ɗorar. Amma kai da za ka kai mace da ƙananan yara, kada ka tsaya ga amsar da za a ba ka in ka tambaya, don kowa zai ce maka lafiya lau, babu mai son ɓata sunan garinsu. Ka dubi gonakin nesa, na bakin daji. In an nome su, an huɗe, ka ga mutane suna dawowa daga can da yamma hankali kwance, alama ce mai kyau. In kuwa ka ga gona mai kyau ta koma saura, kowa ya matsu a bayan gari, ƙasar ta riga ta ba ka amsa. Ka lura ko direbobi suna yarda su bi hanyar bayan magariba. In Allah Ya sa ka zauna, kada ka yi ginin da zai tsere wa na maƙwabta, kada ka riƙa faɗin abin da ka tara, ko a majalisar shayi.

In ni ne, ƙasar Zazzau zan fara dubawa, garuruwan da ke kan kwalta kuma ba su yi wa Zariya nisa ba, kamar Hunkuyi, Makarfi, Ikara ko Maigana. Dalilina biyu ne. Na farko asibitin koyarwa na Shika. Mai ɗakinka ta sha wahala a haihuwar da ta wuce, sai da aka yi mata ƙarin jini, ban manta ba. Asibitin sha-ka-tafi yana maganin zazzaɓi, amma naƙudar da ta zo da gardama da ƙarfe biyun dare tana son mota da hanya da likita. Ka auna tafiyar da agogo, daga ƙofar gidan da za ka zauna har ƙofar babban asibiti. Na biyu, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana kusa, inda ake fitar da irin masarar nan na SAMMAZ, ga masana da za ka tambaya. Makarfi da Hunkuyi ƙasar rake ce da noman rani, kuɗi ba ya yankewa gaba ɗaya bayan kaka. Mu ma daga nan Kaduna zuwa Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, in wani abu ya taso za mu iske ku a yini. Saminaka ma gari ne mai albarka, masara kamar ƙasa, ga kasuwar hatsi da manyan motoci ke lodi. Kudancin jihar ya fi samun ruwan sama, Kachia kuma kowa ya san ta da citta, sai dai cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta durƙusar da manoma da yawa, waɗanda suka zuba komai nasu a abu guda.

Wannan ya kawo ni kan sana'arka. A ƙaramin gari kuɗi baƙon kaka ne. Daga an fara girbi zuwa tsakiyar rani kowa da ɗan abinsa, za a sayi waya, a sa sola, a yi aure. Da damina ta faɗi kuwa komai ya tafi taki da maganin feshi da 'yan ƙodago, mai kawo maka gyara zai ce sai an yi girbi, kuma maƙwabcinka ne, tare kuke sahu, ba za ka iya hana shi ba. Ka ware abincin shekara tun hatsi yana araha, ka kuma san iyakar bashin da jarinka zai ɗauka. Ka je garin ranar kasuwa, ka sake zuwa ranar da ba kasuwa, ka ƙirga masu gyaran waya nawa ne. Ka gwada sabis ɗin wayarka a cikin ɗaki, ba a bakin titi ba. Hatsi da itace da haya za su yi maka sauƙi, amma kayan gyaranka daga Zariya ko Kano za su riƙa zuwa, kuɗin motar nan kuma shi ne tsadar da ba a gani sai an zauna.

In ka gama shekarar ka ga wurin ya kwanta maka, sai a yi maganar fili. Ka bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ka tambayi asalin wurin, na gado ne ko saye. In na gado ne, ka ga magada duka, har matan cikinsu, kowa ya sa hannu. A kira maƙwabtan iyaka huɗu su tsaya a auna a gabansu. Takardar ciniki da shaidu wajibi ce, amma ka sani tun dokar ƙasa ta 1978 filaye amana ne a hannun gwamna, a jiharmu kuma hukumar KADGIS ce ke ba da takardar mallaka. Ka je can a duba maka kafin ka biya, kada a sayar maka da burtali ko filin makaranta ko inda hanya za ta bi. Wanda duk ya ce ka yi sauri, ka ƙyale shi da filinsa.

Ban ji ka ambaci ra'ayin mai ɗakinka ba ko sau ɗaya. Ita ce za ta wuni a gidan, ita za ta san nisan ruwa da injin niƙa, ita za ta rabu da 'yan'uwanta da ɗinkinta. Ka zaunar da ita ku yi shawara ta gaskiya, ka kai ta ta ga garin da idonta. Ku shiga makarantar firamaren tare ranar karatu, ku ga ko malamai suna aji, ku nemi Islamiyyar da yara za su shiga.

Da ɗan gari akan ci gari, Babana. Ranar da ka sauka, ka sayi goro ka je ka gai da mai gari da liman. Ka riƙa zuwa jana'iza da suna da aikin gayya, ko ba a kira ka ba. In garin akwai waɗanda ba addininku ɗaya ba, haƙƙin maƙwabtaka bai canza ba, yadda ka ga muna zaune da mutane a nan. Kada ka riƙa cewa "a Abuja kaza muke yi", babu abin da ke nisanta baƙo da mutane kamar wannan.

Ka yi istihara, ka kuma samu hutun kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah ka zo. Na yi magana da kawunka, zai ba mu aron motarsa. Za mu kwana Zariya, mu zaga garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, akwai tsofaffin abokan aikina da za su faɗa mana abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Mahaifiyarka ta ce ka zo mata da yaran, ta yi musu dambu.

Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya yi muku albarka.

Naka,
Mahaifinka.