Kun Ƙirga Mana Takardun Farfesa, Ba Ku Buɗe Ko Ɗaya Ba

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ba zan ɓoye muku ba, da ɓacin rai na kashe rediyona ranar Asabar ɗin nan. Tun da kuka fara shelar za ku kawo masanin halayyar 'yan wasa nake ƙirga kwanaki, har na kira tsofaffin abokan aikina biyu na ce kada su kuskura shirin ya wuce su. Me muka tsinta? Rabin sa'a cur mai gabatarwa yana jera mana yawan maƙalun da farfesan ya wallafa, da sau nawa wasu malamai suka ambace shi, da matsayin jami'arsa a jerin gwanaye. Sau uku ya maimaita wani abu wai shi ma'aunin "h", yana jan muryar kamar mai yi wa basarake kirari. Shi kuwa bawan Allah farfesan, da ya ɗauko bayani sai a tare shi da, "To Farfesa, cikin mujallun nan wacce ta fi daraja?" A haka lokaci ya ƙare. Ko abu ɗaya da mutumin ya gano ba mu ji ba.

Ni tsohon alƙalin wasa ne. Shekara 19 na yi ina busa usur a ƙananan gasanni kafin gwiwa ta ce ta gaji. Bari in ba ku labarin ranar da ta sa nake bibiyar irin wannan bincike, wataƙila ku gane abin da kuka hana mu.

Ana cikin zagaye na biyu, babu wanda ya ci, sai ɗan gaban masu masaukin baƙi ya kife a yadi na 18. Ina bayansu a guje, kuma wani dogon mai tsaron baya ya tare mini gani. Wallahi ban ga ƙafa ta taɓa ƙafa ba. Abin da na ji kawai ihu ne, filin ya ɗauka gaba ɗaya kamar rufin kwano cikin ruwan ƙanƙara. Kafin tunanina ya iso, hannuna ya riga ya nuna wurin bugun fenareti. Na waiga wajen mataimakina, tutarsa na ƙasa, idonsa na kan takalminsa. Aka buga, ta shiga. Bayan kamar minti 10, wani ɗan wasan baƙi ya faɗi a ɗaya ɓangaren, faɗuwar da ko shi bai sa rai za a kula ta ba, har ya fara miƙewa yana karkaɗe wando. Na busa. Kuma abin da ya fi ba ni kunya har yau, da na busa sai na ji ƙirjina ya yi sanyi, kamar wanda ya biya bashi. Aka tashi 1 da 1, kowa na cewa alƙali ya yi adalci. Ni kuwa na kwana ina juyi, don na san na ba da fenareti biyu, ba wadda na gani da idona.

Shekaru na ɗauka ina zargin kaina da ragwanci. Sai da 'yata ta shiga jami'a ta kawo mini wasu takardu biyu ta zauna ta fassara mini su layi-layi. Ta farko aikin Alan Nevill ne da abokansa Balmer da Williams a Ingila, na shekarar 2002. Sun tara ƙwararrun alƙalai 40 suka nuna musu bidiyon wasan Liverpool da Leicester City, wasu da ihun 'yan kallo a kunne, wasu shiru. Waɗanda suka ji ihun sun hukunta masu gida da laifin da ya gaza na sauran da kashi 15.5 cikin 100. A ɗaki fa suke zaune, ba mai jifansu da gora, ba mai jiransu a ƙofar fita. Ta biyu ta wasu Jamusawa ce, Henning Plessner da Tilmann Betsch, a 2001. Sun gano wanda ya ba wata ƙungiya fenareti yakan yi nauyin hannu wajen sake ba ta, ya kuma yi saurin ba abokiyar karawarta. Da ta karanta mini wannan sai na ce ta dakata, na tashi na fita waje na ɗan tsaya. Ashe abin da na ɗauka tabon halina ne ni kaɗai, wasu sun auna shi, sun san ta inda yake shigowa.

Tun daga ranar na rubuta kalma biyu da biro a bayan katin gargaɗina: "babu bashi". Duk hutun rabin lokaci sai na zaro shi na duba. Na kuma koya wa kaina jan numfashi ɗaya kafin usur ya kai baki, in tambayi kaina, na gani ne ko na ji? Ban daina kuskure ba, amma ban sake biyan wata ƙungiya da fenaretin da ba nata ba.

To Malam Edita, wannan shi ne tasirin bincike a wajen mu da muke cikin rana. Ku kuma kuka tsaya lissafin ambato.

Kuma shi ma'aunin da kuke ta kirari da shi, kun ma bayyana wa masu sauraro mene ne? Wani masanin kimiyyar lissafi da zahiri ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. In aka ce ma'aunin malami 30 ne, ana nufin yana da maƙala 30 da kowacce aka ambata aƙalla sau 30. Iyakarsa ke nan. Ba ya tambayar ko yabo aka yi ko ƙaryatawa, duk ambato ne, duk ana zuba shi a ma'auni ɗaya. Ku ɗauki maƙalar Gilovich da Vallone da Tversky ta 1985 kan ƙwallon kwando, wadda ta ce abin da 'yan wasa ke kira "hannu ya yi zafi", wato wanda ya jefa biyu ko uku a jere ya fi kusa da sake jefawa, ruɗi ne kawai na 'yan kallo. An ambace ta sau dubbai, an koyar da ita a azuzuwa fiye da shekara 30, ana yi wa kociyoyin da suka ƙi yarda dariya. Sai ga Joshua Miller da Adam Sanjurjo a 2018 sun nuna akwai karkata a cikin hanyar lissafin kanta, kuma in aka gyara, alƙaluman na nuna hannun yana zafi ɗin. Ina dubban ambaton suka hana wannan? Da mai gabatarwarku ya san labarin nan, da ya sami tambaya mai nama da zai yi wa baƙonsa.

Abin haushin shi ne fannin nan cike yake da abin da ko yaro mai tsaron raga zai saurara baki buɗe. Michael Bar-Eli da abokansa sun duba fenareti 286 na manyan wasanni, suka wallafa a 2007. Kusan kashi 29 cikin 100 na ƙwallayen tsakiyar raga aka buga su, amma sau kashi 6 da ɗoriya kacal gola ya tsaya a tsakiya. Me ya sa? Domin in ya yi tsalle aka ci shi, za a ce ya yi ƙoƙari, in kuwa ya tsaya ƙyam aka ci shi, za a ce ya sayar da wasa. Ni da na sha tsayawa a gefe ina kallon fuskar gola kafin bugu, na san wannan tsoron, ina ganinsa a yadda yake ta buga safar hannunsa yana leƙen benci. Ga kuma Geir Jordet na Norway, wanda ya zauna da agogo yana auna tsawon lokacin da mai bugu ke ɗauka bayan an busa usur, ya ga masu gaggawa sun fi ɓararwa, kuma 'yan Ingila na cikin waɗanda suka fi kowa gaggawar. A gasar cin kofin duniya ta 2018, ƙarƙashin kocinsu Gareth Southgate, wanda shi kansa ya ɓarar da tasa a 1996, kowa ya ga yadda suka riƙa takowa a natse suna jan numfashi, suka fitar da Kolombiya da 4 da 3. Karon farko ke nan da suka tsallake bugun fenareti a wannan gasa. Minti 5 ya isa a faɗi wannan a rediyo.

Ba na ƙin a girmama malami. Ku faɗi digirinsa da jami'arsa cikin numfashi ɗaya, ya cancanta. Amma wanda ya zo da kaya a ka, ai sauke masa ake yi a kwance ɗaurin, ba a tsaya ana yabon igiya ba. Ɗaya daga cikin abokan da na sa suka saurara ya kira ni bayan shirin yana dariya, ya ce, "Alƙali, wannan ne ka hana ni barcin rana dominsa?" Ban sami abin ce masa ba.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ga wani abu kuma. Kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin murya tun farkon shekarar nan, don Allah wa ya ce muku muna so? Mu da kunne ya fara nauyi, sai mun manna rediyo a kumatu kafin mu tsinci magana daga cikin ganga. Har sakamakon wasanni ma ba a barin mutum ya ji cikin kwanciyar hankali. Na aika saƙo a kan haka sau biyu, ba a karanta ko ɗaya ba.

Ku sake gayyato farfesan. Ku kashe kiɗan, ku bar shi ya kai ƙarshen jimlarsa, kuma in kun buɗe layi ina da tambaya: lokacin annobar korona a 2020, da aka riƙa buga wasa filaye babu kowa, me ya faru da katin da alƙalai ke ɗaga wa baƙi?

Naku,
Tsohon alƙalin wasa, mai sauraronku kullum